Ian Holm: ɗan wasan da tsoro ya kora daga dandali, kyamara da makirufo suka karɓe shi

A shekarar 1976, a gidan wasan kwaikwayo na Aldwych da ke Landan, wani ɗan wasa da duk Ingila ta shaida ya iya sana'arsa ya bar dandali ya kasa komawa. Jikinsa ƙalau yake. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda yake ƙafar da maƙogwaro ya sa mutum ya ji idon jama'a kamar garwashi a jikinsa. Wasan da ake fara nunawa shi ne The Iceman Cometh na Ba'amurke Eugene O'Neill, dogon wasa da yake kai wajen awa huɗu, kuma shi aka ɗora wa babbar rawar, ta wani ɗan talla mai suna Hickey wanda yake zuba jawabi mai tsawon gaske a ƙarshen wasan. Sunan ɗan wasan Ian Holm. Ya haura shekara 40 a lokacin, ya yi fiye da shekara 20 yana tsayawa gaban jama'a, ya fito a matsayin sarakuna, ya ci lambobi a Landan da New York. Daga wannan rana, in ban da wata gajeriyar fitowa da ya yi a 1979, bai sake taka dandali ba sai 1993.

Abin da ya sa nake komawa ga labarin mutumin nan shi ne shekarun da suka biyo baya. Wani da irin wannan ta same shi, shi ke nan an rufe babinsa. Shi kuwa a cikin waɗannan shekaru 17 ne ya yi da yawa daga cikin ayyukan da duniya ta san shi da su, a fim da rediyo. Ina ganin wannan ba sa'a ce kawai ba. Akwai wani tsari a Ingila da ya sa ɗan wasa yake da ƙofa fiye da ɗaya, akwai kuma wani abu a irin baiwar Holm da ya fi dacewa da ɗaki rufaffe fiye da babban zaure.

An haife shi ranar 12 ga Satumba 1931 a Goodmayes, cikin yankin Essex, kuma a harabar asibitin masu taɓin hankali aka haife shi, domin mahaifinsa likitan ƙwaƙwalwa ne, shi ne shugaban asibitin. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce. Dukansu 'yan Sikotland ne. Cikakken sunansa Ian Holm Cuthbert, Holm ɗin sunan gidan mahaifiyarsa ne. Yana saurayi ya haɗu da wani tsohon ɗan wasan Shakespeare mai suna Henry Baynton, shi ya horar da shi har ya samu shiga RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan. Aikin soja na tilas ya katse masa karatu, aka tura shi Ostiriya, ya dawo ya kammala a 1953. A 1954 ya isa Stratford, garin Shakespeare, kuma rawarsa ta farko ita ce riƙe mashi a bayan manya cikin wasan Othello.

Gajere ne, ba shi da ƙirar da ake nema ga jarumi. Ya yi shekaru yana hawa tsani a hankali: wawan sarki a King Lear a 1959, lokacin da Charles Laughton ya fito a matsayin sarkin, sai ɗan aljanin nan Puck a wannan shekarar. Da Peter Hall ya mai da ƙungiyar Stratford ta zama Royal Shakespeare Company, Holm yana cikin waɗanda aka gina ta a kansu. A 1963 aka ba shi Richard na Uku cikin jerin wasannin The Wars of the Roses, a 1964 kuma Henry na Biyar. Richard na Uku rawa ce da 'yan kallo suka saba gani da ƙasaita da ɗaga murya, musamman bayan fim ɗin Laurence Olivier na 1955. Holm ya yi shi a matsayin ƙaramin mutum mai murmushi, wanda muguntarsa take ɓoye har sai ta fashe. A 1965 ya fito a matsayin Lenny cikin The Homecoming na Harold Pinter, da aka kai wasan New York ya ci lambar Tony a 1967. Wasannin Pinter kuwa rabinsu shiru ne. Mutum zai faɗi magana mai sauƙi, ya dakata, kuma a cikin dakatawar nan barazanar take. Pinter da kansa ya taɓa kwatanta Holm da wanda ya sa takalminsa ya yi masa cif.

Wannan shi ne mutumin da ya kasa fitowa a 1976.

Don a gane abin da ya faru bayan nan, sai an gane cewa abin da muke haɗawa mu kira wasan kwaikwayo sana'a uku ce, kowace da abin da take nema a jikin mutum. A dandali, ɗan wasa ya haddace komai, ya ɗauki wasa daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ya jefa muryarsa har ta kai wanda yake kujerar ƙarshe, ya kuma maimaita haka sau takwas a mako. Idan kalma ta ɓace masa, ba mai cewa a sake. A gaban kyamara kuwa wasan a yanke yake gunduwa-gunduwa, minti ɗaya ko biyu, a sake sau goma in ana so, kuma kyamara tana iya matsowa har ta ga ƙiftawar ido. Wanda ya kawo mata motsin dandali sai ya zama kamar mai ihu a kunnen wanda yake zaune kusa da shi. Rediyo ya fi duka tsanani ta wata fuska, ya kuma fi su rahama ta wata. Babu fuska, babu tufafi, babu tsawo ko gajarta. Amma takarda tana hannunka, ba a buƙatar hadda, ba kuma jama'a a gabanka sai abokan aiki da mai ba da umarni a bayan gilashi. Ga wanda idon taro ya karya, waɗannan biyun na baya mafaka ne.

Mu da muka tashi da rediyo a kunne mun san BBC da labarai, tun da Sashen Hausa ya fara a 1957. A gida Birtaniya kuwa, BBC babbar masana'antar wasan kwaikwayo ce. Tun a watan Janairu na 1924 ta watsa wasan da ake ɗauka shi ne na farko da aka rubuta musamman don rediyo a ƙasar, na Richard Hughes, kuma da gangan marubucin ya sa labarin a cikin ramin haƙar kwal bayan fitilu sun mutu, don mutanen cikin wasan su zama daidai da mai sauraro, ba wanda yake ganin komai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, BBC ta kafa ƙungiyar 'yan wasa nata na dindindin, waɗanda aikinsu kenan, yau su zama likita gobe ɓarawo. Tashar da aka buɗe a 1946 don adabi da kiɗan gargajiyar Turai ta ba marubuta irin su Pinter wurin gwada hannu tun kafin gidajen wasa su yarda da su. Akwai wasan The Archers, labarin wani ƙauyen manoma, da yake gudana tun 1951 har yau.

A Amurka wasan rediyo ya yi tashe sosai, amma da kuɗin talla yake rayuwa. Da talabijin ya zo, masu talla suka koma can, zuwa farkon shekarun 1960 manyan wasannin rediyo sun mutu. BBC kuwa da kuɗin lasisi da jama'a suke biya take aiki, ba ta jiran mai sabulu ya ɗauki nauyin shiri, shi ya sa nata ya rayu. Ga kuma batun wuri. A Amurka dandali yana New York, fim yana Los Angeles, tsakaninsu dubban kilomitoci, ɗan wasa sai ya zaɓi inda zai zauna. A Ingila gidajen wasa suna tsakiyar Landan, hedikwatar BBC tana nan kusa, manyan sutudiyon fim irin su Pinewood da Shepperton suna bayan gari. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar wasan rediyo da safe ya hau dandali da dare. Kuɗin rediyo ba shi da yawa, kowa ya san haka, amma manyan 'yan wasa ba sa ganin ƙasƙanci ne su shiga, domin aikin kwana biyu ko uku ne kuma rubutun yakan yi kyau. Wannan ne ya sa in ka bi tarihin kusan kowane babban ɗan wasan Ingila na wancan zamani za ka tarar da rediyo a ciki.

Babban aikin Holm a rediyo ya zo a 1981, lokacin da tashar Radio 4 ta mai da littafin J. R. R. Tolkien, The Lord of the Rings, wasan kwaikwayo. Kashi 26 aka yi, kowane rabin awa, aka watsa daga Maris zuwa Agusta, jimilla awa 13. Brian Sibley da Michael Bakewell ne suka tsara rubutun. Michael Hordern ya zama Gandalf, Robert Stephens ya zama Aragorn, John Le Mesurier ya zama tsoho Bilbo, wani matashi da ba a san shi ba tukuna, Bill Nighy, ya zama Sam, abokin tafiyar Frodo. Holm aka ba Frodo, ɗan ƙaramin halittar da aka ɗora wa ɗaukar wani zobe mai mugun iko zuwa dutsen wutar da aka ƙera shi, don a halaka shi.

Shekarar Holm 49 a lokacin. A littafin, Frodo yana da shekara 50 ya bar gida. Da Peter Jackson ya zo yin fim ɗinsa, Elijah Wood ya ɗauka, yaro ɗan shekara 18, wanda aka haifa a watan Janairun 1981, watau 'yan makonni kafin a fara watsa wasan rediyon. Sinima tana son fuska ɗanya. Rediyo bai damu ba, shi ya sa ya iya ba da Frodo na littafi, mutum mai hankali da ya san abin da zai rasa.

Yadda ake aikin a sutudiyo abin a tsaya a kai ne, don a nan gwaninta take. Makirufo shi ne kunnen mai sauraro. In ɗan wasa ya matso har leɓensa ya kusa taɓa shi ya yi magana ƙasa-ƙasa, mai sauraro zai ji kamar tunanin zuciya ne. In ya ja da baya taku uku ya juya kai gefe, sai a ji kamar yana ƙetaren rafi. In ana so a ji mutum yana hawan dutse, ba ya hawa komai, numfashinsa ne zai hau. Takardar da take hannunsa dole ya juya ta ba ƙara, wasu ma sukan saki shafin da suka gama ya sauka a hankali a kan darduma. A gefe ga mai haɗa sauti yana taka tsakuwa a faranti, yana kaɗa ƙarfe, yana buɗe wata ƙofa da ba ta shiga ko'ina. Sautukan tsafi da na dodanni kuwa wani sashe na BBC da ya ƙware a sarrafa sauti da na'ura ne ya haɗa su. Duk wannan don a gina duniya a cikin kan mutumin da watakila yake wanke kwanuka a kicin.

Na saurari wasan ne shekaru da yawa bayan an yi shi, da dare, da abin ji a kunne, kuma abin da ya riƙe ni shi ne yadda muryar Holm take tsufa a hankali. A kashin farko tana da haske, tana saurin dariya, irin ta mutumin da bai taɓa kwana da yunwa ba. Ana tafiya tana bushewa. Ya fara yanke wa Sam magana, ya yi masa tsawa, nan take kuma ya nemi gafara da muryar da ta ji kunya. Zuwa lokacin da suka shiga ƙasar maƙiyi, kalmomin suna fita ɗaya-ɗaya, kamar kowace sai an ɗago ta daga rijiya. A ƙarshe, a bakin ramin wutar, Frodo ya kasa. Ya ƙi jefa zoben, ya ce nasa ne. Holm bai yi wannan wuri da muryar mugu ba, ya yi shi da muryar wanda ƙarfinsa ya ƙare sai abin da ya fi shi ya yi magana ta bakinsa. Fassarata ce wannan, amma ba na iya jin wurin ban tuna cewa shekara biyar kafin nan shi ma ya isa bakin nasa ramin ya kasa ba. Ya san yadda mutumin kirki yake karyewa ba tare da ya zama mutumin banza ba.

Fim kuwa ya riga ya fara tun kafin matsalar, har ya ci lambar BAFTA, babbar lambar yabo ta finafinai a Birtaniya, da The Bofors Gun na 1968. Amma bayan 1976 ne ya ba shi yawancin lokacinsa. A 1979 Ridley Scott ya sa shi a Alien a matsayin Ash, jami'in kimiyya na wani jirgin sama jannati, mutum mai sanyin magana da ba ka iya cewa ga laifinsa, sai dai jikinka ya ƙi yarda da shi. Can a tsakiya aka gane ashe mutum-mutumi ne da kamfani ya dasa a cikinsu. Wurin da kowa yake tunawa shi ne bayan an cire masa kai, aka ɗora kan a kan tebur aka jona masa waya don a yi masa tambaya. Holm yana ƙarƙashin teburin, kansa kawai ya fito ta rami, farin ruwa kamar madara yana zuba daga bakinsa. Ba hannu, ba kafaɗa. Da ido da murya kawai ya gaya wa sauran cewa ba za su tsira ba, ya ƙare da ɗan murmushi. Wannan kusan wasan rediyo ne da aka ɗora wa fuska.

A 1981, shekarar Frodo, ya fito a Chariots of Fire a matsayin Sam Mussabini, kocin da ya horar da Harold Abrahams har ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924. A fim ɗin, da yake shi kocin kuɗi ne a zamanin da manyan wasanni suke ƙyamar mai karɓar lada, bai shiga filin ba. Yana wani ɗaki kusa da filin wasa, yana kai da kawowa, ba ya ganin tseren. Sai ya ji an fara taken Birtaniya ta taga, ya ga tuta tana hawa. A nan ya san yaronsa ya ci. Ya zauna a bakin gado, ya naushi hularsa ta kaba har hannunsa ya huda ta, yana dariya yana kuka. Wannan rawa ta kawo masa BAFTA ta biyu, da lamba a bikin Cannes, da shiga jerin 'yan takarar Oscar, karo ɗaya tak a rayuwarsa.

Daga nan aiki bai yanke ba. Ya yi Napoleon har sau uku a shekaru daban-daban. Ya yi shugaban ofis matsoraci a Brazil, ya yi Polonius a Hamlet na 1990, ya yi limamin kirista mai ruɗewa a The Fifth Element. A The Madness of King George na 1994 ya fito a matsayin likitan da yake ƙoƙarin warkar da sarki daga hauka ta hanyar tsare shi da ido da ɗaure shi a kujera, rawar da ba za ka kalla ba ka tuna gidan da aka haife shi ba. Ba duk finafinan ne masu kyau ba, gaskiya. Akwai waɗanda ya shiga na 'yan mintoci ya ba su daraja da ba su cancanta ba, kuma ina jin takaicin yadda masu shirya fim suka daɗe suna ajiye shi a gefen jarumi, saboda tsawonsa da fuskarsa ba irin waɗanda ake sa wa a allon talla ba ne.

Wanda ya ba shi tsakiyar fim shi ne Atom Egoyan na Kanada, a The Sweet Hereafter na 1997. Holm lauya ne da ya zo wani ƙaramin gari inda motar makaranta ta faɗa cikin tafki mai ƙanƙara yara da yawa suka mutu, yana bin iyaye gida-gida yana lallashinsu su kai ƙara. Shi kansa 'yarsa ƙwaya ta cinye ta. Akwai wuri a cikin jirgin sama inda yake ba wata budurwa labarin ranar da gizo-gizo mai dafi ya ciji 'yar tana jaririya, asibiti da nisa, likita ya gaya masa ta waya cewa ya riƙe wuƙa a hannu, in numfashinta ya tsaya a hanya ya huda mata maƙogwaro. Ya rungume ta a cinya a bayan mota yana yi mata waƙa, wuƙar tana ɗaya hannun. Holm yana zaune a kujera ya ba da labarin nan, kusan bai motsa ba. Kana iya rufe ido ka ji shi, ba abin da za ka rasa. In aka ce in nuna wa mutum wuri ɗaya da zai gane abin da nake nufi da baiwarsa, wannan zan nuna.

Komawarsa dandali ta zo ta hannun Pinter. A 1993 ya fito a Moonlight a ƙaramin gidan wasa na Almeida, a matsayin tsoho mai jinya da yake kwance a gado kusan duk tsawon wasan. Ƙaramin zaure, marubucin da ya amince da shi, rawar da ba ta buƙatar ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili: da dabara aka mai da shi. A 1997 ya ɗauki King Lear a National Theatre ƙarƙashin Richard Eyre, kuma a mafi ƙanƙantar zaurukan gidan aka yi, inda 'yan kallo suke kusa har suna jin numfashinsa. Lear dutse ne da manyan 'yan wasa suke auna kansu da shi. Holm ya kawo masa abin da ya koya a gaban kyamara da makirufo, ya yi shi a matsayin uba mai saurin fushi a cikin gidansa, wanda haukarsa take farawa daga ƙananan abubuwa. Wanda ya yi wawan sarki a 1959 ya zama sarkin bayan shekara 38. Ya ci lambar Olivier a 1998, a shekarar kuma Sarauniya ta ba shi sarautar Sir. A 2001 ya koma The Homecoming, wannan karon a matsayin Max, uban Lenny.

A wannan shekarar ce fim ɗin Jackson na farko ya fito, Holm yana Bilbo, tsohon da ya bar wa Frodo zoben. Wanda ya ɗauki kayan a rediyo ya dawo bayan shekara 20 ya zama wanda ya miƙa su. Abokan aikinsa sun sha faɗin cewa ba ya maimaita abu iri ɗaya, duk ɗauka sai ya sauya, ya bar wa mai ba da umarni ya zaɓa. Ka duba inda Bilbo yake tsaye a bakin ƙofa, zoben yana tafin hannunsa, yana karkata hannun a hankali har ya faɗi ƙasa. 'Yan daƙiƙu ne, amma ka ga jaraba da kunya da sauƙin da ya biyo baya. Matasa da yawa kuma sun san muryarsa ba su san shi ba ne, don shi ne ɗan guntun shugaban masu girki mai masifa a zanen Ratatouille na 2007.

Cutar Parkinson ta kama shi a shekarunsa na ƙarshe, mai sa karkarwa da nauyin jiki. Da Jackson ya so ya dawo da shi a finafinan The Hobbit, tafiya Niyu Zilan ta fi ƙarfinsa, sai aka zo aka ɗauki nasa wuraren a Ingila. Na 2014 shi ne fitowarsa ta ƙarshe. Ya rasu a Landan ranar 19 ga Yuni 2020, yana da shekara 88.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa aka sake ganinsa a sinima. A Alien: Romulus na 2024, mai ba da umarni Fede Álvarez ya kawo wani mutum-mutumi mai suna Rook da fuskar Holm ta 1979. An ƙera gangar jiki ta roba mai motsi, wani ɗan wasa mai suna Daniel Betts ya yi maganar, aka bi da kwamfuta aka gyara fuskar, aka kuma juya muryar ta koma irin ta Holm. Iyalinsa sun ba da izini, matarsa ta amince, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk da haka 'yan kallo da masu sharhi da yawa sun ƙi abin, wasu saboda fuskar ba ta zauna daidai ba, wasu saboda ainihin tayar da mamaci a sa shi aikin da bai karanta ba balle ya yarda. Abin ya zo ne shekara guda bayan 'yan wasan Amurka sun yi yajin aiki na kusan wata huɗu a 2023, kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen kwaikwayon fuska da murya yana cikin manyan abubuwan da suka yi faɗa a kai.

Ina cikin waɗanda abin ya dama, kuma dalilina ya wuce batun izini. Duk abin da na bayyana a sama zaɓi ne da mutum ɗaya ya yi a cikin daƙiƙa: ya matso makirufo ko ya ja baya, ya dakata kafin wannan kalma ko bayanta, ya yi murmushi a inda wani zai ɗaure fuska, ya sauya duka a ɗauka ta gaba. Zaɓin nan daga rayuwarsa yake fitowa, daga harabar asibitin Goodmayes, daga shirun Pinter, daga ɗakin sa kaya na Aldwych. Betts ɗan wasa ne, ya yi nasa zaɓin, kuma da an bar shi da fuskarsa da muryarsa da mun auna shi a kan aikinsa. Sai aka lulluɓe shi da fatar wani.

Da na kalli fim ɗin a gida, na mai da wurin Rook baya na rufe ido, yadda nake yi in zan saurari Frodo. Sautin ya yi kama ƙwarai, har da ɗan kaushin nan na ƙasan murya. Na yi ta jiran ɗan numfashin da Holm yake ja kafin ya faɗi abu mai muni, wanda yake sa ka ji kamar shi ma yanzu maganar ta zo masa. Har wurin ya ƙare ban ji shi ba.